Yadda ake ceto dashbod ɗin tsohuwar Land Rover daga tsatsa

Motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Land Rover mai dogon baya, ƙirar 1966, irin wadda kamfanin ya sa wa suna Series IIA, mu kuwa a nan Landiroba kawai muka sani. Sitiyarinta a dama yake, domin ta shigo ƙasar nan tun muna bin hannun hagu a titi, kafin canjin hannu na watan Afrilun 1972. Da ita ya yi shekaru yana kai mutane da kaya kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, ta cikin yashin da ba kowace mota ke ratsawa ba. Bayan rasuwarsa aka tura ta gindin darbejiya a bayan gidanmu, a ƙauyenmu da ke ƙasar Haɗeja, ta yi damina goma sha bakwai a wurin.

Ranar da na yi niyyar tayar da ita, da na zagaya ta sai raina ya yi fari. Ƙofofi lafiya, bonet lafiya, akwatin baya ko ɗigon tsatsa babu. Sai na shiga na zauna a kujerar Baba, na dafa dashbod da hannu, babban yatsana ya nutse a ciki kamar na danna busasshiyar ƙwarya da gara ta ci.

Ga dalilin da ya sa haka, kuma wanda bai fahimce shi ba zai yi aikin banza. Jikin Land Rover na alminiyam ne. An fara ƙera ta a Ingila a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya sa aka yi jikin da alminiyam, kuma ba ya tsatsa. Amma manyan abubuwa biyu an bar su na baƙin ƙarfe: shasi, da bangon da ya raba inji da mazaunin direba. A wannan ƙirar, dashbod ba wani abu ne daban da ake ɗaurawa ba kamar na motocin yanzu. Saman wannan bangon ne. Gilashin gaba a kansa yake zaune, ƙofofi a jikinsa suke rataye, sandar sitiyari da shi take riƙe, fedar birki da ta kuloci a kansa aka ɗaure su. In ya ruɓe, ba kwalliyar mota ce ta lalace ba, abin da ke riƙe da birkinka ne ya lalace.

Mutane kan tambaye ni yadda aka yi tsatsa ta ci ƙarfe a ƙasar da take bushe wata bakwai ko takwas a shekara. Amsar na gan ta da idona da na buɗe. Ƙurar hunturu ce ke shiga kowane lungu tana kwanciya. Ƙarƙashin gilashin gaba akwai tagogin iska biyu masu murfi, robar bakinsu rana ta ƙone ta tuntuni ta zama kamar gawayi. Ruwan damina ya bi ta nan, ya tarar da ƙura da busasshen ganyen darbejiya, ya zama taɓo. Ƙarfen da ke fili yakan jiƙe ya bushe a yini guda, amma taɓon da ke cikin lungu yana riƙe laima har kaka. A cikin bututun saman dashbod na ƙirga gidan zanzaro goma sha ɗaya, ga sheƙar ɓera da auduga da ɓawon gyaɗa. A wurin ajiye ƙafa na fasinja kuma, inda aka saba jefa buhun taki da na gishiri, ƙarfen ya zama kamar rariya. A ɓangaren direba, man birki da ke ɗiga ya cinye fenti, ya bar ƙarfe tsirara.

Abu na farko, kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka san girman ɓarnar. Nemi ƙaramar guduma, da sukundireba mai tsini, da mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika. Bi ko'ina kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsini, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji bus, kamar ka bugi kwali. Inda ka yi shakka, soka sukundireba da ƙarfinka. Kada ka tausaya masa, domin abin da sukundireba ya huda dama ya riga ya mutu. Mayen ƙarfen kuma shi zai tona maka inda wani ya taɓa cusa fila, wato ƙullun da masu fentin mota ke cike rami da shi: in ya ƙi kamawa a wurin da ya kamata ya kama, to akwai abin da aka binne a ƙasa. Duk inda ka samu, zagaye shi da alli. Ka fi mai da hankali kan kusurwowin sama biyu inda gilashi ke haɗuwa da bangon, da leɓen tagogin iska, da ginshiƙan ƙofa tun daga sama har ƙafarsu inda suke zaune a kan shasi.

Daga nan za ka yanke shawara, gyara ko canji. Ni ma'aunina ginshiƙan ƙofa ne da bututun sama. In ginshiƙan na da rai, bututun kuma ramuka ne nan da can, gyara ya fi. In ka ɗaga ƙofa ka ga ginshiƙin yana motsi tare da ita, sama ta ruɓe daga wannan kusurwa zuwa waccan, to faci a kan faci za ka yi ta yi, gara ka nemi wani bangon. A Ƙofar Ruwa a Kano akan dace da na motar da aka yanka, amma ka je da guduma da mayen ƙarfenka, ka yi masa gwajin da ka yi wa naka. Ka lura da hannun tuƙi, na dama ne ko na hagu. Ka kuma lura da ƙira: Series III da ta fito a 1971 dashbod ɗinta na roba ne, agogunanta sun koma gaban direba, alhali na IIA ƙarfe ne zalla, agoguna a tsakiya. Akwai masu haɗa na wannan a jikin waccan, kuma motar za ta yi tafiya, amma ta tashi daga motar da ka sani. A Ingila ana ƙera sababbi har da waɗanda aka tsoma a ruwan zin, irin wanda ke jikin kwanon rufi, don kada su yi tsatsa, sai dai kuɗin sayensu da na kawo su ba na mai aljihu irin nawa ba ne. In ka canza, kada ka manta da ƙaramin farantin da ke ɗauke da lambar shasi, wanda ke manne a jikin bangon ta ciki. Cire shi ka adana tare da takardun mota.

Nawa ginshiƙansa sun tsira, sai na zaɓi gyara.

Wajen kwancewa, fara da batir, cire shi gaba ɗaya ka kai ɗaki. Kafin ka cire, duba wane kai ne aka haɗa da jikin mota. Land Rover na kafin wajen 1967 kan mai alamar tarawa ne ke zuwa jiki, saɓanin motocin yanzu, sai fa in wani riwaya ya riga ya juya ta. Rubuta abin da ka gani. Tankin mai ma, in yana ƙarƙashin kujera kamar yadda yake a yawancinsu, cire shi ka kai nesa. Tankin da ya yi shekaru babu mai har yanzu yana iya riƙe tururin da tartsatsi ɗaya zai tayar.

Sannan ɗauki hoto da wayarka, da yawa, ta kowane gefe. Faifan agoguna sukurori kaɗan ne ke riƙe da shi. Jawo shi a hankali, ka kwance igiyar agogon gudu da ta cok ta baya. Wayoyin nan na kamfanin Lucas, mai yi wa motocin Ingila kayan wuta, suna da ƙa'idar launi: mai ruwan ƙasa wuta ce kai-tsaye daga batir, fara ta makunni ce, baƙa ta jikin mota, ja ta ƙananan fitilu, shuɗiya ta manyan fitilu. Amma bayan shekara hamsin da ɗoriya, rigar zaren da ke kansu duk ta koma launin ƙasa ɗaya. Ɗan ƙanena, wanda ya taya ni aikin tun daga farko, shi ya kawo dabara. Ya ce, "Baffa, mu sa wa kowace lamba, mu rubuta a littafi." Muka yanka farin salatif, kowace waya da lambarta, kowane gurbi da irin lambar. Wata uku bayan nan da muka zo mayarwa, littafin nan ne ya fisshe mu.

Notocin motar nan na inci ne, ba na milimita ba. Nemi sifana 7/16 da 1/2 da 9/16. In ka matsa musu da 11 ko 13 ko 14 don sun yi kusa, kan notin zai murje, ka shiga wahalar da ba ka nema ba. Kwana uku kafin ranar kwancewa, riƙa ɗiga musu man giya da aka sirka da kananzir safe da yamma. Wanda ya ƙi, a ɗan gasa shi da wuta. Kowane rukuni a gwangwaninsa, da takarda a ciki.

Yanzu ga wurin da na fi so ka tsaya ka karanta sau biyu. Kada ka yanka komai sai ka yi awo ka kuma ɗaure. Auna faɗin ƙofa, daga ginshiƙi zuwa bakin akwatin baya, sama da ƙasa, hagu da dama. Auna tsakanin maƙalan gilashi biyu. Auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ka gicciya. Rubuta duka. Sai mai walda ya ɗana maka ƙarfen angil biyu, ɗaya daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ɗaya a gicciye, ɗigon walda kaɗan yadda za a iya cirewa daga baya. Ruɓaɓɓen ƙarfe, duk da ruɓewarsa, yana riƙe da siffar bangon. Ranar da ka yanke shi babu abin da ya maye gurbinsa, bangon zai saki jiki, kuma ba za ka gane ba sai ranar da ka zo mayar da gilashi ya ƙi zama. In da hali, a sauke bangon daga motar gaba ɗaya. Dogayen kusoshi biyu ne ke riƙe da ƙafafunsa a kan shasi, sai maƙalan sitiyari. Mu huɗu muka ɗaga namu muka kwantar a kan benci biyu a zaure.

Kankarewa aikin haƙuri ne. Buroshin waya a bakin giranda, da samfefa mai kaushi a inda giranda ba ta shiga. Rufe hanci da baki, sa tabarau, domin tsohon fenti na wancan zamani yakan ƙunshi dalma, ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce. Ƙananan kaya irin su maƙalai da sandunan buɗe tagogin iska, tsamiya na jiƙa musu mai kauri a bokitin roba, suka kwana biyu a ciki. Tsamin yana narkar da tsatsa, ka goge da buroshi ka ga farin ƙarfe. Amma da ka fitar, ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka shanya a rana nan take, ka shafa mai ko fenti a ranar. In ka bar shi ya kwana haka, da safe za ka tarar ya yi ja. A jikin bangon kuma, inda tsatsa ta yi ƙananan ramuka amma ƙarfen na da kauri, akwai ruwan kashe tsatsa da masu fentin mota ke sayarwa a Kano, mai sinadarin fosforik. Yana mai da jar tsatsa baƙa, ta daina ci. Wannan na tsatsar sama ne kawai. Ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi.

Abin da ya tafi, yanke shi za ka yi. Wuce layin allinka da kamar faɗin yatsa biyu, har sai bakin yankan ya nuna fari, kaurinsa ya yi daidai da na asali. Na san da ciwo mutum ya ga ramin da ya yi kamar kwabo ya koma kamar tafin hannu, amma walda ba ta kama siririn ƙarfe mai tsatsa, ƙonewa yake yi yana guduwa. Yi yankan a miƙe, mai kusurwa huɗu, ya fi sauƙin cikewa. Kada ka yar da abin da ka yanke, shi ne samfurinka.

Ɗora kwalin sabulu a bayan ramin, zana da fensir, yanka da almakashi, gwada, rage, sake gwadawa, har ya zauna cif. Sannan ka mai da shi kan ƙarfe. Ƙarfen facin ya zama kauri ɗaya da na asali, wajen milimita ɗaya da ɗan ɗori a yawancin wurare, ginshiƙai sun fi haka. Ni rufin wata tsohuwar mota na saya a wurin 'yan gwangwan, na kankare fentinsa. Kada ka yi amfani da kwanon rufi. Ya yi siriri, kuma zin ɗin da ke jikinsa in ya ji wuta yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Lanƙwasa kuwa, maƙerin garinmu ne ya yi mini. Dattijo ne, bai taɓa aikin mota ba, amma da na ba shi ruɓaɓɓen leɓen tagar iska ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Alhaji, bar mini shi zuwa la'asar." Tsakanin katako biyu ya matse ƙarfen, ya riƙa bi da guduma kaɗan-kaɗan daga wannan baki zuwa wancan. Da la'asar na ɗora a gurbin, ya zauna kamar da shi aka ƙera motar.

A walda ne na yi asara, kuma ita ce ta koya mini abin da zan faɗa. Mai waldar da na fara kai wa gwani ne a ƙofofi da tagogi da gadaje. Ya ɗauki waldar lantarki ya ja layi ɗaya daga farkon facin har ƙarshe. Kafin ya ɗaga hannu, ƙarfen ya huje wuri uku, saman dashbod ya kumbura ya karkace, murfin tagar iska ya ƙi rufuwa. Sai da muka yanke wancan facin da abin da ke kewaye da shi, aikin sati biyu ya tafi. Ba mugunta ya yi ba, siririn ƙarfe ne ba aikinsa ba. Ka nemi fanal bita, mai waldar gas da ƙaramin baki, ko mai injin waldar waya in akwai a kusa.

Yadda na biyun ya yi shi ne daidai. Ya haɗa facin baki da baki, bai ɗora wani kan wani ba, domin tsakanin ƙarfe biyu da aka ɗora nan laima ke samun ɗaki. Ya ɗiga walda a kusurwa huɗu. Ya duba, ya daidaita da guduma. Sannan ɗigo a nan, ya tsallaka can nesa ya yi wani, ya dawo tsakiya, yana barin wurin ya huce har ya iya dafawa da hannu. Kowane ɗigo, tun yana da zafi, yakan tara ƙarfe a baya ya ɗan buga shi da guduma don ya saki. Faci ɗaya mai tsawon taƙi ya ci masa daga hantsi har azahar. Na ce, "Malam, ba za a ɗan hanzarta ba?" Ya ce, "Alhaji, zafi ne ke karkatar da shi, ni kuma ba na so ya san ana yi masa walda." In ya ce zai cike da jar waldar tagulla don ta fi sauri, kada ka yarda a ginshiƙai ko inda fedoji da sitiyari ke ɗaure. Kuma a ajiye bokitin ruwa da na yashi a kusa, tukunyar kabayid ta waldar gas kuma nesa da tartsatsi.

Bayan an gama, a goge kan waldar da giranda sannu-sannu, kada a ci ƙarfen gefe. Da dare ka sa yaro ya haska tocila ta baya, kai kana kallo ta gaba. Duk inda haske ya ɓullo, ko da kamar bakin allura ne, zagaye da alli a sake ɗigawa. Mun samu tara a daren farko. Sai ka sake awon nan da ka rubuta, ka gwada gilashi da murafen iska tun kafin fenti, sannan a cire ƙarfen angil.

Fila tana da wurinta, amma ɗan kaɗan, don share ƙananan kwarin da guduma ta bari, a kan ƙarfe mai tsabta wanda babu huda. Fila tana shan ruwa. In aka toshe rami da ita, ta baya za ta jiƙe, damina biyu ta kumbura ta faɗo da fentin. Abin da wani ya yi wa wannan motar kenan tun Baba na da rai, na tarar da fila mai kaurin yatsa a kusurwar dama, da tsumma a bayanta.

A ranar da ka gama kankarewa, a ranar za ka shafa fentin ƙasa, jan nan na hana tsatsa ko wanda ya fi shi, bayan ka goge ƙarfen da tina. Shafi biyu, gaba da baya. Duk wata gaɓa da ƙarfe biyu suka haɗu, bi ta da mannin toshe gaɓa. Fentin sama kuwa, lokaci ya fi gwanintar hannu muhimmanci a ƙasarmu. Da damina akwai laima, da hunturu akwai ƙura, da tsakar ranar bazara fenti kan bushe tun bai kwanta ba. Ni a ƙarshen Oktoba na yi, da sassafe, a cikin zaure, bayan mun yayyafa ruwa a ƙasa mun rataya tabarmi a ƙofa. Launin na samo shi ne a bayan faifan agoguna, inda rana ba ta taɓa gani ba: kore mai duhu, yadda ta fito daga kamfani. Wannan faifan na kai wa mai haɗa fenti.

Saura cikin bututun sama da cikin ginshiƙai, inda buroshi ba ya kai wa, kuma daga can ne ɓarnar ta faro. Bayan fenti ya bushe sarai, na ɗumama man giya da ɗan giris har suka narke, na ɗura ta ramukan kusoshi da sirinji da siririn tiyo, muka jujjuya bangon har man ya ɗigo ta ƙasa. Ramukan fitar ruwa na ƙasan ginshiƙai ka tabbata a buɗe suke. Wannan ɗurin, duk shekara kafin ruwan farko nake so a riƙa maimaita shi.

Wajen mayarwa, duk inda alminiyam zai taɓa baƙin ƙarfe, sa wani abu tsakani, ko da yankan tsohon tub ne ko shafin giris. In suka haɗu da laima a tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke zama farin gari. Sa sabuwar roba a bakin tagogin iska da ƙarƙashin gilashi. Duk ramin da waya za ta ratsa, sa masa zoben roba, kada bakin ƙarfe ya yanke ta. Inda baƙar waya ke kama jiki, kankare fentin daidai wurin, ɗaure, ka shafe da giris, in ba haka ba fitilu za su riƙa yi maka wasa. Tukwanen birki da na kuloci a gyara su kafin su koma, kada su ɗiga a kan sabon fenti. Kada ka ƙulle manyan kusoshin ƙafa sai ka rataya ƙofofi ka ga suna rufuwa da tura ɗaya.

Gwajin ƙarshe da buta muka yi shi. Na zauna a ciki da tocila, yaron ya hau kan bonet yana tsiyaya ruwa a gindin gilashi da bakin tagogin iska, buta shida. A kusurwar hagu ɗigo ya ɓullo, muka sassauta murfin, muka gyara zaman robar, ya sake zubawa. Da ya ce, "Baffa, yanzu fa?" na shafa hannu a ƙarƙashin dashbod daga wannan ƙarshe zuwa wancan, na ce masa ya sauko. Washegari muka kafa mata rumfar kwano a gefen zaure, nesa da darbejiyar.